Tifa ta buge ni ta baya a hanyar Tumfure: in kai wa 'yan sanda ko in karɓi sulhu?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don gobe da hantsi ake jiran amsata.

Jiya bayan la'asar na taso daga makarantar da nake koyarwa zan koma gida Tumfure a nan Gombe, na biya kasuwa na ɗauko ƙanwar maiɗakina da kayan cefane. Mun wuce Mil Uku kaɗan sai wani mai Keke Napep ya ci birki a gabana zai sauke fasinja, ko sigina babu. Na taka nawa birkin na tsaya cak. Ban ankara ba sai ji na yi an narko mu ta baya. Tifa ce shaƙe da yashi. But ɗin motar ya shige ciki, bamba ta faɗo ƙasa, fitilun baya duka biyun sun tarwatse, gilashin baya ya zube a kan kujera, ƙofar baya ta dama kuma ta ƙi buɗuwa. Corolla ce ƙirar 2005, da bashin ƙungiyar ma'aikata na saye ta, har yau ana cira a albashina.

Alhamdu lillahi ba a zubar da jini ba. Sai dai yarinyar, da yake ita ce a kujerar baya, tun cikin dare take kukan wuya da kafaɗa, in za ta waiwaya sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

Direban tifar yaro ne matashi. Ya sauko jikinsa na ɓari, yana rantsuwa cewa birki ne ya ƙi kamawa. Kafin jama'a su sa mu ture motocin gefe saboda hanya ta cunkushe, na samu na ɗauki hotuna da wayata: yadda suka tsaya, lambar tifar, da ɓarnar. Wani mai sayar da katako a bakin hanyar ya ba ni lambar wayarsa, ya ce a kan idonsa aka yi komai.

Bayan magariba mai tifar ya zo har gida da dattawa biyu. Gaskiya ya yi magana mai daɗi, ya jajanta, ya ba da haƙuri. Ya ce in zaɓa: ko in kai motar garejin bakanikensa a gyara, ko ya ba ni naira dubu ɗari biyu in je in gyara da kaina, a rufe maganar ba sai hukuma ta ji ba. To yau na kira fanel bitana ya duba. Ya ce kayan da za a saya, ko da na Beljiyam ne, da aikin hannu da fenti, ba za su gaza dubu ɗari bakwai da hamsin ba, kuma sai an ɗaga motar a ga ko shasi ya lanƙwashe.

Bappana, wanda ba na iya tsallake maganarsa, ya ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, kuma abin kunya ne in kai ɗan'uwana musulmi caji ofis a kan ƙarfe bayan ya tako har gidana. Ni kuma ba ni da rabin miliyan da zan cika. Ina da inshorar nan ta dubu goma sha biyar da na sabunta tare da takardun mota. Shin za ta biya ni wani abu? In na je wurin 'yan sanda yanzu, bayan an riga an kawar da motocin, zai yi amfani? Kuma in na je ɗin, na rufe ƙofar sulhu ke nan?

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya tsare gaba, Ya ba yarinya lafiya.

Ajiye maganar mota tukuna. A kai yarinyar nan asibiti yau, ba gobe ba. Idan aka bugi mota ta baya, kan mutum yakan yi baya da ƙarfi sannan ya dawo gaba, kuma ciwon sau da yawa ba ya bayyana sai an kwana. Wataƙila jijiya ce kawai ta ja, amma likita ne zai faɗa. Kada kowa ya ce maka sai ka zo da takardar 'yan sanda kafin a duba ta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa. Ka adana kati, rasit na hoto, rasit na magani, duk abin da aka ba ka.

Na yi shekaru a sashen kula da haɗurran mota kafin in yi ritaya, wanda muke kira MTD, kuma abin da Bappanka ya faɗa na ji shi ya fi a ƙirga. Inda ake samun ruɗani shi ne mutane sun ɗauka duk wanda ya taka caji ofis ƙara ya kai. Kai rahoto daban, shigar da ƙara daban. Rahoto shi ne ka je ka ce abu kaza ya faru a wuri kaza da ƙarfe kaza, a shigar a littafi. Doka ma ta ɗora wa direban da haɗari ya rutsa da shi ya sanar da hukuma cikin awa 24, musamman in an ji ciwo, kuma rashin sanarwar yana cikin laifukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke cin tara a kai. Ke nan shi kansa direban tifar wajibi ne a kansa, ba alfarma zai yi maka ba. Awa 24 ɗinka sun kusa cika ko sun cika, don haka kada ka ƙara kwana.

Ga yadda abin yake tafiya. Za ka je ofishin da wurin haɗarin yake ƙarƙashinsa, ba wanda ke kusa da gidanka ba, in ba ɗaya ba ne. Ka tafi da lasin tuƙinka, takardun mota, takardar inshora da ta lafiyar mota. Za a haɗa ka da jami'in da zai riƙe binciken. Zai ɗauki bayaninka a rubuce, a kira direban tifar a ɗauki nasa, sannan a je wurin a yi awo a zana taswirar yadda motocin suka tsaya, ku biyu ku sa hannu. Da an same su a inda suka tsaya ya fi, amma tunda an kawar, hotunanka da mai katakon nan su ne za su tsaya maka. Fasasshen gilashi da zanen taya a kan kwalta ma suna magana, in ruwa ko tayoyin wasu ba su share su ba. Daga nan sai a rubuta wa VIO, jami'in duba lafiyar motoci, ya duba motocin biyu. Shi ne zai gwada birkin tifar ya rubuta abin da ya gani. Yaron ya ce birki ya ƙi. In ya tabbata, magana ta wuce kan yaron ta hau kan wanda ya saki mota marar birki a titi da tan-tan na yashi a bayanta.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Kada ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba. In da Turanci aka rubuta, kai malami ne, ka bi shi layi-layi, abin da ba ka faɗa ba ka ce a soke. Kuma kada kunya ta sa ka rubuta "na yafe" ko "ni ma da laifina". Faɗi abin da ya faru kawai: mai Keke ya tsaya, na tsaya, an buge ni ta baya. A ƙa'idar tuƙi, na baya shi ne aka ɗora wa barin tazarar da za ta ishe shi tsayawa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai ɗawainiya. Za a iya riƙe motocin har VIO ya gama. Za ka iya haɗuwa da wanda zai ce ka kawo na mai ko na takarda. Duk abin da aka ce kuɗin hukuma ne ka nemi rasit, in an matsa maka ka nemi ganin DPO cikin ladabi. Beli kuma kyauta ne, ko da yake kai ba ka cikin masu buƙatarsa.

Sulhu kuwa yana nan daram. In ba a rasa rai ba kuma ba a yi mummunan rauni ba, mafi yawan irin wannan a teburin jami'in ake gama shi: a rubuta wa zai biya, nawa, zuwa yaushe, shaidu su sa hannu, kowa ya ɗauki kwafi. Kotu sai in an ƙi cikawa.

Tambaya ɗaya nake so ka yi wa kanka. Mutumin da ya san takardunsa sun cika, direbansa na da lasin da ya dace da babbar mota, me zai sa ya dage kada hukuma ta ji?

Ɗan Tasha:

Yallaɓai Sufeto, da girmanka da komai, amma kai ta cikin ofis kake kallon abin, mu ta waje muke kallonsa.

Ni direba ne, Gombe zuwa Yola nake yi, ta Kumo da Billiri da Kaltungo, kuma an buge ni na bugi wasu. Malam, abin da zai sa mai tifa ya guji caji ofis ba lallai rashin takardu ba ne. Tifa kullum sai ta yi sahu da yawa, ranar da ta kwana a tsare asarar ranar ta tafi, ga masu gini suna jiran yashi suna kiran waya. Yanzu yana lallashinka ne don motarsa na aiki. Ranar da ka sa aka kama ta, fuskar da ya zo maka da ita gida ba za ka ƙara ganinta ba, zai ce to mu haɗu a kotu, kuma ya fi ka kuɗin zirga-zirga. Wanda zai sha wuya a tsakani yaron nan ne, a tsare shi, a kore shi daga aiki, alhali wataƙila ya sha gaya wa maigidansa birki na shan iska.

Shawarata, ka bi ta ƙungiya. Masu tifa suna da shugabanninsu kamar yadda muke da namu a tasha. Ka samu shugabansu, ka je da Bappanka da fanel bitanka, shi ma ya zo da nasa, a zagaya motar tare a yi lissafi a gaban kowa. Abin da aka yanke a gaban shugaban ƙungiya da wuya mutum ya tsallake, don gobe a nan zai yi lodi.

Inda na yarda da Yallaɓai shi ne rubutu. A rubuta, a sa hannu, a sa rana. Sannan kada ka kuskura ka kai motarka garejin bakanikensa. Wanda ke biyan bakanike shi bakanike ke wa aiki. Za a buga but ɗin da guduma, a cika ramukan da fila, a fesa fenti ya yi ƙyalli, bayan wata uku ka ga yana tsagewa, damina ta zo ruwa na shiga.

Inshora kuma, tsakani da Allah, tun da na fara riƙe sitiyari ban taɓa ganin wanda ta biya ko sisi ba. Takarda ce ta wuce shingen 'yan sanda.

Maman Hanif:

Hamma Baban Ummi, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri. Na yi aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora kafin in koma harkar kaina, bari in ce wani abu, don maganar Ɗan Tasha ta ƙarshe ta taɓa ni.

Da farko amsar da ba za ka so ba: inshorarka ta dubu goma sha biyar ba za ta gyara motarka ba. Ba don ita aka yi ta ba. Ita tana biyan wanda kai ka yi wa ɓarna ne. Da a ce kai ka bugi mai Keken nan, to ita za ta biya shi. Wadda ke gyara motar mai ita ita ce cikakkiyar inshora, kuma kuɗinta a shekara ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, shi ya sa ba kowa ke yi ba.

Wadda ta shafe ka ita ce inshorar tifar. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM, mai sa ido a kan kamfanonin inshora, ta ƙara kuɗin, ta kuma ƙara abin da ake biya. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Manyan motocin dakon kaya 100,000 suke biya, iyakarsu miliyan 5. Keke Napep 5,000 da iyakar miliyan 2, babur 3,000 da iyakar miliyan 1. Wannan iyakar ta dukiya ce kawai. Rauni ko rasa rai ba a yanka musu iyaka irin wannan ba, don haka kuɗin asibitin ƙanwarku yana cikin abin da za a nema. Ka ga ke nan dubu ɗari bakwai da hamsin ɗinka ba ta kai ko kusa da iyakar tifa ba, in har inshorarta ta gaske ce.

A nan gizo ke saƙar. Dalilin da ya sa Ɗan Tasha bai taɓa ganin an biya kowa ba kashi biyu ne. Na ɗaya, takardu da yawa da ke cikin motocin mutane na bogi ne. Ka ba ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasin ya haɗo maka komai, ya kawo takarda mai tambari da sunan kamfani, alhali kamfanin bai san da kai ba, ko kamfanin ma babu shi. Na biyu, masu ta gasken ba sa nema. Ana yin haɗari a sasanta a bakin titi, mai laifi ya ciro daga aljihunsa, kamfani ya ci kuɗinsa na shekara lafiya lau ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ba na wanke kamfanoni, akwai masu jan ƙafa da gangan har mutum ya gaji. Amma fayil ɗin da takardunsa suka cika, na ga an biya da idona, ni na rubuta wasu ma.

Yanzun nan, kafin ka tashi daga inda kake, ka danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga shafin askniid.org, ka sa lambar tifar da ka ɗauka a hoto. Rumbun bayanai ne na ƙungiyar kamfanonin inshora, ana kiransa NIID, zai nuna maka ko tana da inshora mai rai da sunan kamfanin. Ka duba taka ma. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshora a hanya a faɗin ƙasar nan, kuma wajabta ta ba sabon abu ba ne, tun dokar 1945 aka fara.

In ta fito, ga abin da ya rage. Yarjejeniyar tsakanin kamfanin da mai tifa take, don haka shi ne zai sanar da su, kuma da wuri, saboda kowace takardar inshora tana da wa'adin sanarwa a rubuce a jikinta. Kai kuma ka rubuta masa wasiƙar neman diyya, ka aika wa kamfanin kwafi, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka. Za su nemi rahoton 'yan sanda, hotuna, kwafin lasin direban, takardun motocin biyu, bayanin direban a rubuce, ƙiyasin gyara a kan takardar gareji mai suna da adireshi, ba a bayan kwalin sigari ba, da rasit na asibiti. Ka lura da na farkon. In babu rahoton 'yan sanda a haɗarin da ya haɗa motoci biyu har da rauni, wanda ke zaune a ofis a Legas ko Abuja ba shi da abin da zai dogara da shi cewa an yi haɗarin ma. Sulhun tasha yana da kyau, amma ba ya shiga fayil.

Sannan kada a taɓa motar. Ko ƙusa ɗaya kada fanel bita ya kwance sai injiniyan kamfanin ya zo ya gani ya ɗauki nasa hotunan. Zai rage ƙiyasin, wannan kusan dole ne, zai ce fitilar mota mai shekara ashirin ba kuɗin sabuwa za a biya ba. Ku yi ciniki. In kun daidaita za a ba ka takardar sallama ka sa hannu, daga nan sai biya. Ka karanta ta da kyau, don da zarar ka sa hannu ka rufe neman ƙari, saboda haka ka tabbata an ɗaga motar an duba shasi, kuma likita ya gama da yarinyar. In suka yi ta ja maka rai ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar koke.

Abu na ƙarshe, kuma wannan don amfanin mai tifar ne. A ƙa'idar inshora bai kamata ya amsa laifi ko ya biya ka kuɗi ba tare da sanin kamfaninsa ba. In ya ba ka dubu ɗari biyun nan ka rubuta masa cewa magana ta ƙare, ya jawo wa kansa asara, kai kuma ka toshe hanyarka.

In kuwa lambar ba ta fito ba, to babu kamfanin da za a bi. Aljihunsa ne zai biya, kuma a lokacin shawarar Ɗan Tasha ta bi ta ƙungiya za ta yi maka rana, amma da rahoton a hannunka.

Abu Sumayya:

Malam, game da maganar Bappa, a gaya masa cikin girmamawa cewa neman haƙƙi ba ya cikin abin kunya a shari'a. Malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, da gangan ne ko da kuskure. Kuskure zunubi yake ɗaukewa, ba ya ɗauke ramuwa. Ko rai aka kashe bisa kuskure, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamacin sai in su suka yafe, ga kuma kaffara. Yafiya falala ce ga wanda ya ga zai iya, ba a tilasta ta a kan mai bashi a wuya. Alkawarin gyaran mota zuwa wani lokaci kuma bashi ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Inda nake da ja shi ne inshorar kanta. Adda Maman Hanif, malamai da yawa suna ganin akwai garari, wato rashin tabbas, da kuɗin ruwa a cikinta. Ina mafita?

Maman Hanif:

Malam Abu Sumayya, fatawa taku ce, ni abin da na sani na aiki zan faɗa. Akwai takaful, wato inshorar Musulunci, kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna da lasin, suna kuma yin inshorar mota da hukuma ta yarda da ita, tana fitowa a NIID kamar kowace. Bambancin shi ne kuɗin da ka zuba gudummawa ce a asusun taimakon juna na mahalarta, ba a juya shi a harkar ruwa, akwai majalisar malamai da ke duba ayyukan, kuma in an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ɗayar ba sai ya yi wannan in zai sabunta. Shi kuwa Hamma Baban Ummi ba shi ya zaɓa wa mai tifa kamfani ba, haƙƙin motarsa yake bi.

Tsohon Sufeto:

Ɗan Tasha, ban ƙi taka ba. Na sha kiran shugabannin ƙungiya da kaina su zo su ja kunnen ɗansu, kuma yana aiki. Sai dai ka tuna akwai yarinya mai ciwon wuya. In Allah Ya kiyaye, bayan mako biyu abin ya zama babba, ranar mai tifa zai iya cewa shi bai san da ita a motar ba, kuma babu littafin da zai ƙaryata shi. Batun tsare tifa kuma, in Malam da kansa ya gaya wa jami'in cewa suna kan sulhu, ya roƙi a sake ta da zarar VIO ya duba, ba a cika ƙi ba. Amma dai a duba birkin nan. Hanyar da ta bi jiya ita za ta bi gobe, kuma 'yan makaranta na tsallaka ta.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana.

An kai yarinyar asibiti, an yi hoto, babu karaya. Likita ya ce jijiyoyin wuya ne suka ja, ya sa mata abin tallafe wuya, ya rubuta magani, ya ce ta dawo a sake dubawa. Rasit suna cikin ambulan.

Na danna lambar da Adda ta bayar. Tawa ta fito. Ta tifar ma ta fito, da sunan kamfani, kuma da sauran watanni kafin ta ƙare. Na karanta wa Bappa abin da Malam Abu Sumayya ya rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce in dai ba ɗaure yaron za a yi ba, shi zai raka ni. Shi ya kira mai tifar da bakinsa. Da na nuna masa sunan kamfanin a waya sai ya ce shi wallahi ɗan kwangilar da yake kai wa yashi ne ya tilasta masa yin ta, bai taɓa sanin ana karɓar komai da ita ba. Har yanzu dai yana ɗari-ɗari, ya ce sai ya ga kuɗin a ƙasa zai yarda.

Mun je tare an ɗauki bayanin kowa, an je wurin an yi zane, mai katako ya ba da shaida. Yaron yana da lasin, bai kwana a can ba. VIO zai duba motocin ranar Litinin. An rubuta a gaban jami'in cewa duk abin da kamfani bai biya ba mai tifa zai cika, shugaban ƙungiyarsu ya sa hannu a matsayin shaida.

Adda, tambaya ɗaya ta rage. Motar tana fili ba gilashin baya, ga hadari yana haɗuwa. In an sake ta zan iya sa a saka gilashin kawai kafin injiniyan ya zo?

Maman Hanif:

A'a Hamma, kada a saka tukuna. Ka sayi leda mai kauri ko tamfol a rufe, a ɗaure da igiya, ka ɗauki hoto kafin rufewa da bayanta. Ka matsa wa mai tifar ya kai sanarwa a rubuce gobe, kada ya jira Litinin, kuma ka karɓi lambar fayil ɗin da za su ba shi, da ita za ka riƙa bibiya. In injiniyan ya yi jinkiri, ka nemi su ba ka izinin saka gilashin a rubuce, ko ta saƙon waya ne, ka kuma ajiye rasit. Ƙiyasin fanel bitan ma a sake shi bayan an ɗaga motar, don in shasi ya taɓu lissafin zai canza.